Yadda Elizabet Mai Inji Ta Zama Direba

Duk wanda ya taɓa kai niƙa Unguwar Shago, wani ɗan ƙauye tsakanin Bagwai da Bici, ya san Elizabet matar Micah. Sai dai da yawa ba su taɓa ganinta a tsaye ba. A zaune aka san ta, kan wata kujerar katako da ta yi sulɓi don zama, a gefen injin niƙa, gari ya yi mata fari fat daga gira har yatsun ƙafa, tana ɗaga murya sama da ƙarar inji: "Wannan na waye? Gari ko ɓarza?"

Tsofaffin garin kuwa suna tuna wata Elizabet daban. Lokacin da aka kawo ta amarya daga wani ƙauye a bayan Ɗambatta, siririya ce kamar karan dawa. Ita ke noma gayaunarta da kanta, ta hau ɗorawa ta kaɗo, ta ɗauko damin gero daga gona ba ta sauke ba sai a bakin rumbu. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau Micah ya sayo inji, ita kuma ta karɓi aikin kula da shi. Tun daga nan ta zauna. Mai kawo niƙa ta zo mata da ƙosai, wata da awara, wata da ɗanwake, ita kuma ba ta iya mayar da hannun kyauta baya. Shekara ashirin da wani abu tana nan, yara suka girma, Lazarus ya tafi Kano aiki, auta Charity ta shiga kwalejin ilimi a Bici, Elizabet kuwa ta cika kujerar har ta tumbatsa.

Abin da ya tashe ta ya faru ne ranar Lahadin godiyar kaka, shekarar da ta doshi hamsin. A ranar kowane gida kan kawo wa coci abin da gona ta ba shi. Matan ƙungiyar zumunta ta coci su shigo a jere da anko, suna waƙa suna rangaji, ana buga tulu. Elizabet ce mai ba da waƙa, don murya dai inji ya gama horar da ita. Ta shigo a kan gaba da ƙwaryar gero a ka, ta isa gaban bagade, ta durƙusa ta ajiye. Sai tashi ya gagara.

Ta yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ta dafa ƙasa ta sake yunƙurawa, ƙugu ya ce shi ma haka. Mata a bayanta suna ta maimaita amshi suna jiran baiti na gaba, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana haki. Fasto ya dube ta, abin ya taɓa masa zuciya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ku dubi yadda ake godiya! Wasu sun ajiye sun wuce, amma Mama Elizabet ta ƙi tashi daga gaban Ubangiji."

"Amin!" in ji ikilisiya.

Elizabet ta karkata kai wajen Goodness, matar ƙanin mijinta, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke, ɗaga ni." Goodness ba ta ji ba saboda kiɗa. Elizabet ta manta inda take, ta saki muryar bakin inji: "Na ce ki ɗaga ni, ƙafa ce ta ƙi!" Daidai lokacin masu tulu suka tsaya.

Coci ya yi tsit, sannan ya fashe da dariya. Fasto da kansa sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Goodness ta kama hannu ɗaya, wata ta kama ɗaya, suka ciccibe ta kamar buhun masara. Elizabet ta fi kowa dariya, har da hawaye, ta kuma ɗauko waƙarta daga inda ta tsaya. Amma da ta koma gida ta zauna a bakin gado, dariyar ta tafi. Ta tuna mahaifiyarta, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ta yi shekaru a kan tabarma sai an kwantar sai an tayar. Washegari ta ce wa Micah ya ɗauke ta a babur zuwa ƙaramin asibitin da ke bakin titi.

Ma'aikaciyar da ke wurin, wata yarinya mai fara'a da ake kira Tahira, ta ɗaura mata abin awon jini a damtse, ta duba, ta sake dubawa.

"Mama, jininki ya hau, kuma nauyi ya yi wa gwiwoyin nan yawa. Zan ba ki magani, amma sai kin haɗa da motsa jiki."

"Motsa jiki kuma? Ni da nake aiki tun safe har magariba?"

"Wane aiki kike yi, Mama?"

"Inji nake da shi."

"To ai injin ne ke motsa jiki," in ji Tahira. "Ke kallonsa kike yi."

Micah, wanda ba shi da yawan magana, ya yi wani tari da ya yi kama da dariya. Elizabet ta harare shi, sannan ita ma ta tuntsire. Tahira ta ce ta rage maiƙo da gishiri, ta riƙa tafiya kowace safiya, a hankali, gwargwadon abin da za ta iya.

Da gari ya waye Elizabet ta ci ɗamara da gyale, ta sa takalmin roba, ta kama burtali. Ranar farko ba ta wuce kukar da ke bakin gari ba. Nan ta zauna a kan saiwa, zuciya na dukan ƙirji, tana tambayar kanta wa ya aike ta. Amma washegari ta sake fita, ta ɗan gota kukar kafin ta zauna.

Matsalar ita ce a wannan yanki babu dajin da mutum zai ɓuya. Gona na bin gona, gida na bin gida, duk inda ka taka akwai mai ganinka. Ta wuce wannan ƙofa, a ce, "Maman Charity, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To ina zuwa da sassafe haka?"

"Ba ko'ina."

Mace ta ci ɗamara da asuba, ta haɗe rai tana huci, ta ce ba ko'ina za ta ba? Mutanen Unguwar Shago ba su sha wahalar gane ma'anar wannan ba. Kafin mako ya zagayo labari ya game gari cewa Elizabet yaji take yi. Wata yamma dattawan coci biyu suka yi sallama da Micah, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, suka daɗe suna gaisuwa suna gyaran murya.

Babbansu ya ce, "Micah, bayan an yi surukai, ana shirin jikoki, sai yanzu? Me ka yi wa baiwar Allah nan?"

Micah ya buɗe baki yana kallonsu. "Ni? Me na yi?"

"Kullum ana ganinta ta fita cikin fushi."

"Baba, ai dawowa take yi."

"To yajin ne bai gama nuna ba," in ji ɗayan. "Gara a tare shi tun yanzu."

Elizabet na tsakar gida tana jin su. Ta toshe baki da gyale, ta kasa, ta saki dariya har kaji suka watse. Ta leƙo zaure tana share hawaye ta ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku. Da tumbina muke rigima, ba da maigida ba. Shi nake so ya yi yaji, ya ƙi tafiya."

Wadda ta fara ɗaukar abin da gaske ita ce Yakaka, matar Malam Kolo. Su Barebari ne, kakanninsu suka zo daga Barno suka zauna a gabashin ƙauyen tun kafin a haifi Micah. Yakaka ta daɗe tana kawo niƙa, har suka zama aminai, kuma ta daɗe tana fama da ciwon baya. Wata rana ta jira inji ya yi shiru ta matso.

"Ƙawata, tsakaninki da Allah, wannan yawon naki yana magani?"

"Jiya na ɗaure igiyar takalmin coci da kaina," in ji Elizabet. "Rabon da in ga yatsun ƙafata tun Charity na goye."

Washegari sai ga Yakaka a bakin burtali da hijabi har ƙasa. Ta ce Malam ya yarda, da sharaɗin ta dawo kafin kokonsa ya huce. Haka suka zama biyu, ɗaya da ɗamara ɗaya da hijabi, suna tafe suna haki suna gulmar duniya. Suka wuce kuka, suka wuce gonar rogo, wata safiya suka tsinci kansu a bakin fadama inda ake noman rani. Suka tsaya suna kallon juna kamar waɗanda suka iso wata ƙasa.

Da Elizabet ta koma awo, Tahira ta ce jini ya fara sauka, saura hannuwa su ma su samu nasu rabon. Elizabet ba ta yi dogon tunani ba. Ta zagaya bayan rumbu ta jawo tsohon turminta, ta kori kazar da ta mai da shi wurin ƙwai, ta wanke shi, ta zuba gero. Masu kawo niƙa suka iso suka tarar da mai inji riƙe da taɓarya, gumi sharkaf.

"Maman Charity, inji ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ni ce na lalace, gyara nake yi."

Yakaka ta ɗauki taɓarya ta biyu, suka fara lugude irin na 'yanmatancinsu, wannan ta buga wannan ta buga. Daɗi ya kwashe Elizabet, ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu kamar yadda take yi a da. Taɓaryar ba ta dawo inda aka aike ta ba. Ta sauka a kan kwanon wanke-wanke, kwano ya yi ƙara, awaki suka tsinke igiya, Micah ya fito da gudu riƙe da fartanya yana tambayar ina macijin. Bayan 'yan kwanaki mata huɗu ko biyar ke taruwa a gidan da yamma, kowace da taɓaryarta, ana lugude ana guɗa, masu wucewa suna tambayar bikin wa ake yi.

Daga nan ne Elizabet ta wuce gona da iri. Jiki ya yi sauƙi, zani ya fara zagaye ƙugu har ya yi saura, sai ta ga kamar ta koma shekara ashirin. Wata safiya a hanyar fadama ta ce wa Yakaka, "Zo mu yi tsere zuwa mangwaron can." Yakaka ta ce ita ba ta haukace ba tukuna. Elizabet ta zura ita kaɗai. Ta kai mangwaron kuwa, amma kafin azahar gwiwarta ta kumbura ta yi kamar kabewa. Kwana da kwanaki tana kwance, ƙafa a kan matashi, tana jin Goodness na ta fama da inji. A kwanakin nan ba ta yi dariya sosai ba. Tsoro ya kama ta kada a ce ta koma gidan jiya ke nan.

Tahira ta duba gwiwar ta girgiza kai. "Mama, motsa jiki na ce, ban ce ki shiga soja ba. Za ta warke, amma gudu ba naki ba ne. Da ma kin iya keke, da shi ya fi, don ba ya dukan gwiwa."

Da wasa ta faɗa. Elizabet kuwa ba ta ji wasa a ciki ba. Tun a kan babur, kafin su iso gida, ta taɓa kafaɗar Micah.

"Baban Charity, keken nan naka da ke rataye a zaure fa?"

"Me za a yi da shi?"

"Hawa."

"Wa zai hau?"

Micah ya rage gudu ya waiwayo ya dube ta, babur ya kusa shiga kunyar gona. Bai ce a'a ba. Da gwiwa ta saɓe, shi da kansa ya sauko da keken, wanda ya yi shekaru a rataye tun da ya sayi babur, ya kai wa mai faci aka sa sabuwar taya, aka zuba wa sarƙa mai, aka gyara ƙararrawa.

A filin da ake sussuka suka fara, bayan an kwashe amfanin gona. Elizabet ta sa tsohon wandon Lazarus a ƙarƙashin zani. Micah ya riƙe kariya ta baya, ita ta ƙanƙame kan keken kamar zai gudu ya bar ta. Rabin ƙauyen ya fito kallo. Ta taka, keke ya yi hagu. Ta sake takawa, ya yi dama. Micah na biye yana gudu yana haki, hularsa ta faɗi, yana cewa, "Dubi gabanki! Daina kallon ƙafarki!" Ita kuma ba abin da take faɗa sai, "Kada ka saki! Ka saki ban yafe ba!" Yakaka na gefe tana salati tana dariya a lokaci guda.

Sun yi yammaci da yawa a haka. Ta faɗi a kan ƙaiƙayi, ta faɗi a kan kara, sau ɗaya ma ta faɗi a kan Micah. Sai wata yamma ta ji keken ya yi wani irin sauƙi, iska na shiga ɗankwalinta, fili na wucewa sumul. Ta ce, "Yauwa, haka za ka riƙa riƙewa!" Ba a amsa ba. Ta waiwaya, ta hango Micah can nesa, ya dafa gwiwoyi, yana ɗaga mata hannu.

Ihun da ta yi an ji shi har gabashin gari. Fili ya ƙare, hanya ta gangara fadama, ita kuwa ba wanda ya taɓa koya mata birki, don ba a taɓa zaton za a kai nan ba. Keke ya bi gangara, ya tsallake wata 'yar kwata, ya shige fangalin albasar Malam Kolo da aka gama ba ruwa. Da mutane suka iso a guje, suka same ta zaune cikin taɓo, ganyen albasa a ka, tana dukan ƙasa da hannu biyu.

"Na tuƙa! Kun gani? Ni kaɗai na tuƙa!"

Malam Kolo ya ajiye bokitinsa, ya dubi albasarsa, ya dube ta. "Maman Charity, barka da arziki. Amma albasar nan me ta yi miki?"

Washegari ta zo da sassafe ta taya shi gyara fangalin, a durƙushe, ta kuma miƙe ba tare da ta dafa kowa ba. A ranar Micah ya koya mata birki.

Sauran labarin mutanen yankin duk sun san shi. Akwai unguwanni da ke nesa da inji, inda mata ke ɗauko niƙa a ka su yi doguwar tafiya, su wuni suna jiran layi. Elizabet ta sa aka ƙera mata faffaɗar kariya, ta fara zagayawa da safe tana karɓo niƙa gida-gida, ta mayar da gari kafin la'asar. Matan da ba sa fita suka fi kowa murna. Goodness ta karɓi inji, amma Elizabet ta ɗauke kujerar ta kai ɗaki, ta ce duk mai son zama a bakin injin nan sai dai ya zauna a ƙasa. Da an ji ƙararrawa a burtali sai a ce, "Ga Direba nan!" Sunan ya bi ta, har Fasto ma wani lokaci da shi yake kiranta. Maganin hawan jini dai tana sha har yanzu, amma Tahira ta ce in duk masu zuwa wurinta za su yi irin wannan taurin kai, da ta samu hutu.

Charity ta sha jin labarin a waya, tana ɗauka zolaya ce irin ta mahaifiyarta. Wata Asabar tana zaune da ƙawayenta a ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai a Bici, sai ta ji ƙararrawa. Ta ɗaga kai ta ga wata mata a kan keke, da hular kaba a kan ɗankwali, kariya cike da ƙunshin ƙuli-ƙuli da dakuwa da garin kunu. Matar ta ja birki a gabansu, ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa kamar ɗan acaɓa.

"Mama?" Charity ta miƙe tana waige-waige. "Mama, daga gida? A kan wannan? Don Allah sauko mu shiga ciki, mutane na kallo."

"Su kalla mana. Ai ba sato shi na yi ba."

Wata ƙawar Charity mai suna Hafiza ta riga ta ciro waya. "Mama, don Allah ki ɗan zagaya mu gani!" Elizabet ba ta jira a sake roƙo ba. Ta zagaya bishiyar darbejiya, ta sake zagayawa, a karo na gaba ta saki hannu ɗaya tana ɗaga wa 'yanmata, su kuwa suna tafi suna ihu. Charity ta rufe fuska da tafin hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu, har dariya ta ci ƙarfinta. Da mahaifiyarta ta tsaya, ta rungume ta tana cewa, "Ni ko hawa ban iya ba."

"In kin zo hutu zan koya miki. Da birki za mu fara."

Rana ta yi sanyi kafin Elizabet ta kamo hanyar gida. Inda hanya ta gangara ta ɗauke ƙafafu daga feda, ta bar keke ya tafi da kansa, ta ɗauko waƙar zumunta da dukan muryarta, wani mai amalanken shanu ya bi ta da kallo baki buɗe. A mararrabar da ke shiga Unguwar Shago ta hango Micah tsugune a gefen babur ɗinsa, wai yana duba taya, alhali idonsa na kan hanyar Bici. Ba ta tsaya ba. Ta danna ƙararrawa ta wuce shi tana cewa, "Malam, a ba da hanya!"

Micah ya yi tsalle ya hau babur don ya bi ta. Ya buga, ya ƙi tashi. Ya sake bugawa, ya yi tari ya mutu. Haka ya turo shi har gida. Ya tarar ta riga ta yi wanka, tana zaune a tsakar gida tana ba Yakaka da Goodness labarin Bici, ta kuma ajiye masa ruwa a buta.